Atisayen nas-nas na ICU kafin masu tiyatar zuciya su zo, dan Allah ina neman shawara

Maman_Haidar

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, barkanmu da aiki. Shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka taɓa aiki a ICU (ɗakin kulawa ta musamman) na tiyatar zuciya. A asibitinmu ba kullum ake buɗe zuciya ba, sai tawagar likitocin tiyatar zuciya ta zo a yi kamar sati biyu ana aiki ba dare ba rana, a canza wa mutane bawul, wato ƙofofin da jini ke bi a cikin zuciya, yawancinsu matasa ne masu ciwon zuciyar nan da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro tun suna yara, sai kuma yara masu rami a zuciya, daga nan kowa ya watse sai bayan watanni. A tsakanin nan mu ICU ɗin kowa da kowa ne, masu hatsarin mota, mata masu jijjigar ciki, masu tetanus, toh kafin tawaga ta dawo wlh hannu ya saki abubuwa da yawa, ga kuma sabbin ma'aikata da aka kawo mana waɗanda ko akwatin fesmeka, na'urar da ke sa zuciya bugawa, basu taɓa riƙewa ba.

Metiron ɗinmu tace in shirya mana atisaye irin simuleshan ɗin nan da ake yi da mutum-mutumin roba kafin zuwansu na gaba. Abin da muke dashi guda ɗaya ne, rabin jiki, na koyon danna ƙirji, baya numfashi baya komai, kuɗin sayen mai tsadar nan da ke magana kuwa ba ma a kawo zancensa. Wasu abokan aikina har sun fara cewa wasan yara ne tunda duk munyi BLS, kwas ɗin farko na ceto wanda zuciyarsa ta tsaya, wasu ma sunyi na gaba dashi ACLS. Ni kuma abin da ke hana ni barci shine dutin dare, nas biyu a ɗaki, mutumin da aka yi wa aiki da rana zuciyarsa ta tsaya ƙarfe uku na dare. Me ya kamata mu koya? Kuma da ɗan abin da muke dashi zai yi wani amfani kuwa?

Anti_Bilki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Metiron ɗinku tayi tunani mai kyau, kada maganar masu cewa wasan yara ne ta karya miki gwiwa. Ni a Ingila nake aiki a ICU na zuciya, a yunit ɗinmu nas bata daɗewa sai an tura ta kwas ɗin da ake kira CALS, na ceto wanda zuciyarsa ta tsaya bayan tiyatar zuciya, saboda ACLS ɗin da kika ambata, duk da amfaninsa, ba a tsara shi don mutumin da aka tsaga ƙashin ƙirjinsa jiya aka ɗaure da waya ba. Wani likitan tiyatar ƙirji Joel Dunning da abokan aikinsa ne suka fara kwas ɗin a nan Ingila, ƙungiyar likitocin tiyatar zuciya ta Turai ta fitar da ƙa'idar a 2009, ta Amurka ta fitar da tata a 2017, kuma kusan bakinsu ɗaya.

Kinga marar lafiyarki yana jone da monita, ga layin da aka sa masa a jijiyar hannu yana nuna miki BP bugu bayan bugu, so a daidai sakan ɗin da zuciya ta tsaya kin gani kuma kinsan irin tsayawar da tayi. In VF ne, zuciya na karkarwa kawai, ba danna ƙirji ake fara yi ba muddin za a iya bada shokin lantarki cikin minti ɗaya, shokin uku ake bayarwa a jere kafin a taɓa ƙirjin. In layin bugun zuciya a monita ya miƙe ko bugun yayi ƙasa ƙwarai, wayoyin nan da likita ya bari a jikin zuciya suka fito ta ƙasan ɗinkin su zaki jona da akwatin fesmeka, bugu 80 zuwa 100 a minti, ki ƙure ƙarfin. In kuma monita na nuna bugu amma babu fols, wato ba a jin bugun a jijiya, kuma dama fesmeka na aiki, a kashe shi na ɗan lokaci a duba, don VF na iya ɓuya a ƙarƙashinsa. Sai in waɗannan basu yi ba ake danna ƙirji, 100 zuwa 120 a minti, ido na kan monita ana son dannawar ta ɗaga BP na sama ya wuce 60.

Sai maganar adirinalin, allurar zaburar da zuciya, nan ne hannun nas ya fi saurin zuwa saboda abin da aka koya mata tun makaranta ke nan, miligiram 1 duk bayan 'yan mintoci. Ga wanda aka yi wa tiyatar zuciya ba a yin haka kai tsaye sai babban likita yace, shi ma ɗan kaɗan yake bayarwa, saboda in zuciyar ta dawo da wannan allurar a jiki BP zai harba sama ya ɓalle ɗinkin da aka yi a ciki, kin ceto shi daga abu ɗaya kin jefa shi zubar jini. Amiyodaron, maganin daidaita bugun zuciya, miligiram 300 ake bayarwa in shokin uku basu yi ba. A tsayar da duk magungunan da ke tafiya a famfo har a tabbatar ba ɗaya daga cikinsu ne ya jawo abin ba, a cire marar lafiyar daga bentileta, injin numfashi, a koma ambu, jakar da ake matsawa da hannu, da oksijin zalla, a saurari huhu biyun ko iska ta taru a gefe ɗaya.

Babban abin kuma, in duk wannan bai dawo da zuciya ba ana so a sake buɗe ƙirjin nan a kan gadon ICU cikin minti 5, ba a jiran a kai tiyata, kuma haka ƙa'idar take har zuwa kwana na 10 bayan aiki. Shi ya sa da an kira ares, wato zuciya ta tsaya, mutum biyu ko uku ke fara sa riga da safar hannu tun kafin a san ko za a buɗe. Sauran kuma kowa da wurinsa, mutum shida: mai danna ƙirji, mai kula da numfashi, mai shokin da fesmeka, mai magunguna, shugaba da ke tsaye baya taɓa komai sai bada umarni, da mai kai-komo wanda ke kawo turoli yana kiran likitoci. Wannan ba abu bane da ake karantawa a takarda a iya, sai an yi an sake yi har ƙafa ta san inda zata tsaya. Su Dunning sun auna a binciken da suka buga a 2006, lokacin da mutane ke ɗauka kafin su buɗe ƙirjin mutum-mutumi ya ragu da kusan rabi bayan horon.

Baba_Nas

Hajiya Bilki Allah ya ƙara ilimi, duk abin da kika faɗa gaskiya ne kuma na ƙaru. Amma ni da na tsufa a wannan aikin a gida bari in faɗi abin da ke raina. A Enugu aka fara buɗe zuciya a ƙasar nan tun 1974, yau shekara hamsin da ɗoriya, har yanzu wurare da yawa jiran tawaga muke, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya jawo ba. Kince mutum shida da wasu uku masu sa riga, tara ke nan, 'yar nan kuma tace su biyu ne a dutin dare. Daga ina sauran zasu fito? Na ga daren da jini ke zuba a kwalbar da ke tara jinin ƙirji ana neman leda biyu a ɗakin ajiyar jini babu sai an tashi dangi, na ga injin gwada iskar jini a ajiye babu katirij, na ga wuta ta ɗauke janareta ya ɗauki lokaci kafin ya tashi muna matsa ambu da fitilar waya. Wanne mutum-mutumi ne zai gyara wannan?

Sannan maganar buɗe ƙirji. Can inda kike doka da tsari sun tsaya wa nas. A nan in nas ta ɗauki wuƙa ta yanke ɗinkin kwansaltan marar lafiya ya rasu, ko da abin da tayi daidai ne, ita kaɗai zata tsaya gaban kwamiti, dangi kuma suce ita ta kashe musu ɗa. Ni bana so a koya wa yaranmu abin da zai jefa su cikin masifa babu mai kare su. Kuma wakshof nawa aka yi mana, a zauna a ɗaki mai esi a ga hotuna a raba satifiket a koma yunit komai yana nan yadda yake. Maman Haidar 'yata, ban hana ki ba, amma ki fara tambayar manyanku wa zai kwana a asibiti daren da aka yi aiki.

Dr_Bacci

Baba ranka ya daɗe, tambayarka ta ƙarshe ita ce tambayar, kuma a ganina atisayen ne zai tilasta a amsa ta. Ni likitan sa barci ne, ina aiki da irin wannan tawagar, kuma abin da zan roƙi Sista Maman Haidar shine kada ta kai mutane aji ko ɗakin taro. A cikin ICU ɗin za a yi, a kan gadon da za a kwantar da marar lafiyar, da injin shokin ɗinku na gaske da turolinku na gaske da adadin ma'aikatan da ke dutin dare na gaske, in biyu ne to biyu, wani ya riƙe agogo. A nan ne za a gane cewa makullin kabad ɗin kayan buɗe ƙirji yana wajen wadda ta tashi aiki, ko batirin akwatin fesmeka ya mutu, ko kebul ɗin bai dace da wayoyin da wannan tawagar ke sawa ba, ko lambar da ake kira bata shiga. In Sista ta rubuta wa metiron cewa daga kira zuwa isowar mai iya buɗe ƙirji an ɗauki minti kaza alhali ƙa'ida 5 ce, wannan takardar ta fi ƙorafin baki ƙarfi a gaban shugabanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kan buɗe ƙirji na yarda da kai, kada nas ta ɗauki wannan nauyin ba tare da rubutaccen izini da horo daga likitocin tiyatar ba. Abin da ya dace a rubuta kafin a kwantar da mutum na farko shine sunan likitan da zai kwana cikin asibiti kusa da ICU, musamman daren farko da na biyu. Nas kuma ta iya duk abin da ke gaban wuƙar, shokin, fesmeka, sa riga, shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, buɗe kayan, ta yadda likita na shigowa wuƙa kawai zai karɓa.

Amma Sista, kada duk atisayen ya ƙare a kan ares. Mafi yawan rayukan da nas ke cetowa kafin zuciya ta tsaya ne. Ki shirya musu labarin tamfonad, wato jini ya taru ya daskare a kewayen zuciya ya matse ta ta kasa cika. Kwalbar ƙirji tana ta kawo jini, ace mil 200 a awa, sai kwatsam ta tsaya, sabuwar nas sai ta ji daɗi tace jini ya tsaya alhali gudan jini ne ya toshe robar yana taruwa a ciki. CVP, wato matsin jini a babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, na hawa, BP na sauka, bugu na ƙaruwa, fitsari ya koma ƙasa da rabin mil a kowane kilo a awa, ƙafa tayi sanyi, ana ta ƙara maganin ɗaga BP baya ji. Kowanne shi kaɗai ba zai firgita mutum ba, haɗa su wuri ɗaya ne ilimin. Kuma irin wannan ba a zuƙe shi da allura don gudaji ne, danna ƙirji ma baya tura jini a zuciyar da aka matse ko wadda babu jini a cikinta, dalilin minti 5 ɗin da Anti Bilki ta faɗa ke nan. Sai labarin zubar jini mai yawa, sai na fotasiyam da ya sauka bugu ya fara rikicewa, sai AF, bugun zuciya marar tsari, da ke kama kusan mutum ɗaya cikin uku a kwana na biyu ko na uku. A kowanne ki sa nas ɗin ta ɗauki waya ta kira likita da bakinta, a ji yadda zata faɗi maganar a taƙaice, waye, me aka yi masa, me ya canza, me take so a yi yanzu. Na sha ɗaukar waya da dare ana ta gaisuwa da bada haƙurin tashina daga barci kafin a kai ga maganar, tarbiyya ce mai kyau amma a wannan lokacin ba na son ta, ki ce min Dakta ka zo yanzu ina zargin tamfonad a gado na uku, shi ke nan.

Malama_Tuta

Sannunku da ƙoƙari. Ni a makarantar koyon jinya nake koyarwa kuma mu ma bamu da mai tsadar, so bari in taɓa ɓangaren kayan aiki. Wanda kike dashi ɗin nan jikan Resusci Anne ne da Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Norway, ya fitar a 1960, kuma da irinsa aka koya wa duniya danna ƙirji, so kada ki raina shi. Monita kuwa akwai manhajoji na waya da tablet da ke nuna ECG da BP da oksijin, ki jingina tablet a inda monita take, ke kina gefe da wayarki kina canza lambobin. Kwalbar ƙirji ki zuba ruwa da jan kala ki riƙa ƙarawa. Ƙashin ƙirji kafinta zai yanka miki falanki biyu a huda a ɗaure da waya a rufe da soso da leda, a ɗora a kan mutum-mutumin, ya isa mutum ya koyi yanke waya da zare ta da sa abin buɗewa. Riguna da safar hannu da suka ƙare wa'adi ki roƙa a tiyata.

Abu biyu dai ki kiyaye don Allah. Injin shokin na gaske kada a saki wuta a kan robar da ba a yi ta don haka ba, a sa shi a yanayin gwaji ko a faɗa da baki kawai. Sannan duk wani maganin wasa ko ruwan wasa a rubuta masa da jan biro a ƙirga shi kafin da bayan atisaye, kada ko ɗaya ya kwana a ICU. A Amurka ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015 ledojin ruwan da aka yi don koyarwa sun shiga asibitoci aka ɗaura wa mutane fiye da 40, wasu suka kwanta rashin lafiya sosai.

Amma abin da ya fi damuna a wajenmu shine zaman da ake yi bayan an gama, a tattauna me ya faru. Nan ne ake koyon, yakan ma fi atisayen tsawo, kuma nan ne muke ɓata shi. In metiron ta tsaya tana faɗa wa yarinya a gaban kowa wai ko jona waya bata iya ba, wlh yarinyar ba zata sake buɗe baki ba, gobe in ta ga CVP na hawa shiru zata yi don tsoron kada ace bata sani ba. Ki faɗa tun farko cewa ba jarrabawa bace, babu maki, babu abin da zai shiga fayil ɗin kowa, babu ɗaukar bidiyo a tura gurup. Ki fara tambayarsu yadda suka ji, sannan ki ce na ga an jinkirta shokin, me kike gani a lokacin, zaki sha mamakin amsa, sau da yawa ba rashin sani bane, jira take babba ya ce a yi. Wannan salon daga matuƙa jirgin sama aka aro shi, David Gaba na jami'ar Stanford ya shigo dashi harkar sa barci, saboda an lura ƙaramin ma'aikaci kan ga haɗari ya kasa faɗa wa babba. Mu da muka taso da kunya da girmama na gaba sai mun koyar da wannan da gangan, a ce wa ƙaramar nas a fili an baki izini ki ce Anti a tsaya, ba a bada adirinalin yanzu. Kuma duk umarni a kira suna, wanda aka ba shi ya maimaita da ƙarfi sannan ya faɗa in ya gama.

Maman_Haidar

Kai Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na kwafe komai. Baba maganarka ita na fara kai wa metiron yau da safe, tace zata sa a rubuta wa zai kwana kafin tawaga ta iso kuma zata nemi a ƙara mana mutum a dutin dare na satin aikin, Allah ya sa a amince. Mun tsayar zamu riƙa yin gajere, kamar minti goma sha biyar da tattaunawa bayansa, lokacin canjin duti don masu dare ma su samu, zamu fara da tamfonad da jona fesmeka. Na kuma je na duba kayan buɗe ƙirjin namu, ashe babban tire ne na tiyata cike da ƙarafa, ni kaina sai da na daɗe ina neman abin yanke waya a ciki. Anti Bilki haka naku yake?

Anti_Bilki

A'a ƙanwata, wannan tiren na likita ne in ya iso yana son ci gaba da aiki. Na farkon ƙarami ne, abu biyar kawai: wuƙa, abin yanke waya, babban abin riƙe allura na zare wayar, abin buɗe ƙirji guda ɗaya wanda ba sai an harhaɗa shi ba, da robar zuƙe jini, sai ƙyalle ɗaya babba mai rufe jiki duka. Ki je wajen sistar tiyata ta haɗa miki biyu a dafa su, ɗaya na manya ɗaya na yara tunda kuna yin yara, a ajiye a saman turoli inda babu makulli, a duba su duk canjin duti tare da batirin fesmeka da farantan shokin cikin ƙirji. Ki kuma tura wa shugaban tawagar saƙo tun yanzu ki tambaye shi irin wayoyin fesmeka da zasu zo dasu da yadda suke so a yi in an samu ares a yara, don nasu awon magani da ƙarfin shokin da nauyin yaro ake lissafawa, a rubuta a manna a kan gadon kowane yaro tun yana fitowa daga tiyata. Ranar da suka iso ki roƙe su ku yi atisaye ɗaya tare kafin a shiga da mutum na farko.